Mai Fanka a Kan Lilon Sama

Duk layin an san Mai Fanka da abu biyu: gyaran fanka da gyaran zance. Na farkon in ya yi maka, sai ka kwana da ido ɗaya a silin. Na biyun kuwa babu mai kama ƙafarsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin na Tela da na Mai Aski, cike da karyayyun fukafukai, tsofaffin wayoyi da gwangwanayen kusoshi, amma in ya zauna a bakin ƙofa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka rantse shi ke raba wa duniya iska.

"Duk abin da yake juyawa a duniyar nan," haka yake cewa, "ni ne ubansa."

Tela ba ya tanka masa. Shi dai bai manta ranar da fankar da Mai Fanka ya ɗaura masa ta sauko daga silin da kanta ba, ta zauna daram a kan keken ɗinki tana ci gaba da juyawa, ta mai da wandon wani bawan Allah gajere. Mai Fanka ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce silin ɗin ne bai iya riƙo ba.

Rigimar ta faro ne ranar da Tela ya kai 'ya'yansa sabon filin wasan yara da aka buɗe a bayan gari. Suka dawo da balan-balan da labari, suka sauke labarin kaf a kunnen 'ya'yan Mai Fanka. Su uku ne. Babbar ana ce mata Lauya, don ba ta manta magana, kuma ba ta barin tambaya ta kwana. Mai bi mata Ƙwallo, gajere dunƙule, wanda bai taɓa tafiya ba in akwai damar gudu. Sai Auta, wadda ba ta daɗe da iya haɗa kalma da kalma ba.

Mai Fanka yana cire takalmi suka yi masa caa.

"Baba, 'ya'yan Tela sun hau lilon da yake taɓo gajimare!" in ji Lauya.

Mai Fanka ko hoton lilon bai taɓa gani ba. Amma a ce Tela ya riga shi wani abu a gaban 'ya'yansa? Ya yi wata 'yar dariya ta manya.

"Wai wannan ɗan lilon? Ai ni na ɗaure kusoshinsa."

Matarsa, da ke guga a tsakar ɗaki, ta ɗago dutsen ta tsaya.

"Yaushe, Maigida?"

"Wata rana kin tafi kasuwa."

"A yini ɗaya?"

"Wane yini? Kafin ki gama cinikin albasa na wanke hannu."

Ta dube shi, ta mai da dutsen kan riga. Lauya kuwa ta adana maganar a inda take adana magana.

Kashegari labari ya riga shi zuwa shago, domin Lauya ta bi ta layin a hanyar makaranta. Mai Aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Injiniya, ashe babban aiki kuka yi ba mu sani ba?"

"Ni ba na son yawan faɗa ne."

"To ai sai mu bi ka mu ga aikin hannunka," in ji Tela, yana zura zare a allura bai ko ɗago ba. "Ranar hutun nan. Ni ma zan koma da nawa."

Mai Aski ya ce zai aro ƙaramar bas ɗin wansa. Kafin Mai Fanka ya samo hanyar zamewa, magana ta zauna. Da ya ga haka sai ya rungume ta hannu biyu, ya naɗa kansa jagoran tafiya. Ya ce shi ya san filin ciki da bai, kuma abin da ke kashe irin wannan fita shi ne rashin tsari. Don haka ya sayo wa yaransa da na Tela riguna ruwan ɗorawa iri ɗaya, don a hango su daga nesa. Ya sayo usur ya rataya a wuya. Busa ɗaya, kowa ya taru. Busa biyu, kowa ya bi shi.

"In ka busa uku fa?" in ji Lauya.

"Ba za a kai ga haka ba."

Da safen tafiya sai ga Inna, mahaifiyar matarsa, wadda ta zo ganin likitan gwiwa, ta fito da sandarta da jakarta.

"Inna, ai da kun huta," ya ce, yana sunkuyar da kai. "Wurin akwai hayaniya, ga gwiwar taku."

"Gwiwata ce ko taka, ɗan nan? Matsa in shiga."

Mai Aski ne ke tuƙi, amma Mai Fanka ne ke nuna hanya, shi ya sa suka ɓulla ta bayan filin, inda babu komai sai doguwar katanga da durom-durom na shara. Suka yi ta bin katanga yara na ihu, har dai ƙofa ta tausaya musu ta bayyana.

Suna shiga, kiɗa ya dake su, ƙamshin gugguru ya biyo baya. Ko'ina fitilu ne da tutoci, ga yara na tsala ihun daɗi. Can ƙarshen filin kuma ga lilon nan tsaye, kamar ƙatuwar tayar keke da aka rataya wa akwatuna. Mai Fanka ya ɗaga kai yana neman ƙarshensa. Ya ƙara ɗagawa. Sai da hularsa ta zame ta faɗi ta baya sannan ya hango ɗan akwatin da ke can ƙololuwa yana reto, da mutane a ciki kamar ƙudaje. Ya ja da baya taku ɗaya. Shi da ko tsanin ɗaura fanka sai an riƙe masa da hannu biyu!

"An ƙara masa tsawo," ya ce a hankali. "Ba haka na bar shi ba."

"Baba, mu hau!" in ji Ƙwallo, yana tsalle.

"Ba a farawa da babba. Tsari, yaro, tsari."

Ya sa usur a baki ya busa sau biyu ya yi gaba, ƙirji a waje. Ya ji ƙafafu na binsa rututu, ya ji daɗi a ransa. Ya wuce mai balan-balan, ya wuce wurin ruwa mai tsartuwa, yana bayani da hannu ba ya waiwaye. Mutane sai darewa suke suna kallonsa, ya ce a zuci, lallai jagoranci baiwa ne. Sai da ya isa gaban mai alewar auduga ya juyo ya ce, "To, wa ke so?"

Hannaye suka tashi kamar gonar dawa. Yara ne fal, duk cikin riguna ruwan ɗorawa, kuma ko ɗaya bai taɓa gani ba. Ashe wata makaranta ce ta kawo ɗalibanta, rigarsu ke nan, kuma su ma da usur ake kiransu.

"Ni! Ni! Kawu, ni!"

Kafin ya buɗe baki sai ga wata malama ta keto taron da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, usur na lilo a wuyanta.

"Malam! Ina za ka kai min aji?"

"Ajinki ne ya biyo ni, Malama."

"Wa ya ba ka izinin busa?"

"Ikon Allah! Usur ɗin nawa ne fa."

Ta busa nata don yara su koma wurinta. Shi ma ya busa nasa don nasa su fito daga ciki. Yara suka ruɗe, rabi suka yi gabas rabi suka yi yamma, suka dawo suka yi karo a tsakiya, da shi a ciki. Da ƙura ta lafa, malamar ta tafi da ajinta da usur ɗinsa, har da Ƙwallo, wanda ya shiga layi abinsa don ya ji an ce za a raba musu askirim. Sai da matarsa ta je ta karɓo shi, bakinsa fari fat.

"Yanzu sai lilo?" in ji Lauya.

"Tukuna. Ga gidan madubi can. Wurin nan ana ɓata, kowa ya riƙe rigar na gabansa, ni zan shige gaba."

Gidan madubi ɗaki ne mai lungu-lungu, bangonsa duk madubi da gilashi. Taku kaɗan ya yi, goshinsa ya ce gwaf. Ya juya dama, gwaf. Yara suka saki rigarsa, suka sulale ta ƙarƙashin hannunsa, kafin a ce me sun fita ta ɗaya ƙofar. Shi kuwa ya yi kwana ya ci karo da wani mutum mai tumbi, gumi na tsiyaya a fuskarsa, ya tsare hanya.

"Malam, ɗan matsa."

Mutumin bai matsa ba. Mai Fanka ya kauce hagu, mutumin ya kauce tare da shi.

"Bawan Allah, da iyali nake tafe, ban zo rigima ba."

Sai da ya ɗaga yatsa zai yi kashedi, ya ga an ɗago masa yatsa mai irin zobensa. Ya waiga a hankali ko wani ya gani. Bangon da ke bayansa gilashi ne tas, kuma a wajensa ga matarsa ta dafe ciki, ga Tela ya jingina da Mai Aski yana share hawaye, ga Auta ta manna hanci tana ɗaga masa hannu. Ƙwallo aka tura ya jawo shi waje ta bakin riga.

"Na tsaya duba ingancin gilashin ne," ya ce, yana shafa goshi. "Ba laifi. Yana da ƙwari."

"Mun ji ƙarar gwajin," in ji Tela.

Daga nan ya ja su wurin motocin karo, waɗannan ƙananan motoci masu roba a gefe da ake sakin mutane su yi ta bugun juna. Nan kam ya ce gida ya zo, domin sitiyari ma abu ne mai juyawa. Ya zaɓi ja, ya cusa kansa, gwiwoyi har haɓa. Yana gyara zama ya hangi Inna ta miƙa wa 'yarta sanda tana shiga wata koriya.

"Inna, wannan fa ba na manya ba ne."

"Kai yaro ne?"

Aka kunna wuta. Mai Fanka ya murɗa sitiyari har ƙarshe don ya nuna gwaninta, motar ta ɗauki baya-baya, ta kama juyi a wuri ɗaya kamar an ɗaure ta a turke. Yana kokawa da ita ya ji dam! ta baya, hula ta rufe masa ido. Ya ɗaga ta, ya ga koriyar mota ta wuce, Inna a ciki, ta kama sitiyari da hannu biyu, baki har kunne.

"Yi haƙuri, ɗan nan, ban iya ba!"

Ta zagayo. Filin cike yake da motoci, amma Inna ba ta ga kowa ba sai ja. Dam!

"Ka ga ta ƙi jin magana!"

Dam!

"Inna, akwai birki! Ku ɗaga ƙafa!"

"Gwiwar ce ba ta ɗaguwa!"

Yara suka hau ƙarfen shinge suna tafi suna kiran, "Kaka! Kaka!" Har baƙi suka kama. Shi kuwa ba halin ya rama, wa zai kara wa surukarsa mota a bainar jama'a? Haka ya yi ta juyi yana karɓa, yana cewa "Ba komai, Inna" duk bugu ɗaya, har aka kashe wuta. Ya fito yana tangaɗi. Inna ta fito garau, ta ma manta da sandar.

"Wurin nan da daɗi," ta ce. "Saura me?"

"Lilon Baba!" yara suka haɗa baki.

Ya duba hagu, ya duba dama. Ya ce rana ta yi zafi. Aka ce gajimare ya rufe. Ya ce to hadari ne. Aka ce babu. Ya ce shi da ya ɗaura abu ai ya gama hawansa, su je kawai. Sai Lauya ta kama hannunsa, ta ɗago ido ta dube shi.

"Baba, ni tsoro nake ji. Amma in kana ciki ba zan ji ba."

Wannan ita ta gama da shi. Ya shiga layi.

Akwatinsu shi ne da matarsa da Lauya da Auta. Na bayansu Inna da Ƙwallo. Na gabansu Tela da iyalinsa. Mai Aski ya ce shi a ƙasa zai tsaya, wai wani ya kula da jakunkuna. Mai kula da lilon ya rufe ƙofa, ya ja ƙarfe, ƙasa ta fara tafiya.

Da farko Mai Fanka ya daure, har yana nuna wani ƙarfe da haɓa yana cewa, "Kun ga wancan? Ya ba ni wahala." Da kan bishiyoyi ya dawo ƙarƙashin ƙafarsa sai ya yi shiru. Da motocin karo suka koma kamar ƙwayar wake sai ya rungume sandar tsakiyar akwatin. Da suka kai ƙololuwa, lilon ya ce ƙiiii, ya tsaya cak.

Tsayawa ce ta yau da kullum, ana sauke wasu a ƙasa ana ɗaukar wasu. Amma Mai Fanka bai san haka ba. Iska ta kaɗa akwatin. Ya runtse ido, ya ƙara ƙanƙame sanda da hannu da ƙafa.

"Maigida, lafiya?"

"Saurare nake. Injin ake ji da kunne."

A wani akwati can gefe wata mata ta fara salati da ƙarfi. Lauya, yarinya mai tausayi, ta leƙa ta ƙwala mata kira.

"Kada ku ji tsoro! Babanmu ne ya ɗaure kusoshin!"

Maganar ta sauka a kunnen Tela. Shi tun farko ya ɗauke ta a cikin irin zancen da aka saba. Amma wasa a ƙasa daban, a sama daban. Ƙarfe ya sake cewa ƙiiii. Tela ya tuna keken ɗinkinsa. Ya ɗago kai, fuska ba annuri.

"Injiniya! Don girman Allah gaya min gaskiya. Ka taɓa lilon nan?"

Mai Fanka ya buɗe ido ɗaya. Ga Lauya tana kallonsa. In ya ce a'a, ya mutu a idonta. In ya ce i, bai san me zai biyo baya ba. Sai ya nemi tsakiya.

"Kaɗan," ya ce.

"Innalillahi!" Tela ya miƙe har akwatinsu ya yi reto. "Jama'a, a sauke mu! Na san aikin mutumin nan! Fanka ya ɗaura min ta sauko ta yi ɗinki!"

Magana ta bi lilon tana gangarawa daga akwati zuwa akwati, tana ƙara ƙiba a hanya. A akwati na gaba, wani mai gyaran fanka ne ya ɗaure kusoshin. A na gabansa, wani ya kwance kusoshin. Kafin ta isa ƙasa ta zama akwai mutum a sama da sifana yana kwancewa yanzu haka. Mai kula da lilon ya zaro ido, ya danna jan maɓalli. Kiɗa ya mutu. Yanzu kam lilon ya tsaya da gaske.

Jama'a suka taru a ƙasa, kowa kai a sama. Sai ga manajan filin da gudu, rigarsa ta fita daga wando, lasifika a hannu.

"Wane ne ya taɓa mana lilo?"

"Ga shi nan!" Lauya ta ɗaga hannu da alfahari. "Babana ne!"

"Malam! Wane noti ka taɓa?"

Mai Fanka ya tattara sauran muryarsa. "Ban taɓa komai ba!"

Iska ta kwashe rabin maganar. Akwatunan ƙasa suka taimaka suka miƙa saura.

"Ya ce bai bar komai ba!"

Ihu ya tashi sama da ƙasa. Matar nan mai salati ta fara yafe wa mijinta. Wani saurayi ya cire takalmi, Allah kaɗai ya san dalili. Inna ce kawai ke zaune lafiya, ita da Ƙwallo suna cin gugguru suna kallon gari.

Matarsa ce ta yi dabara. Ta ciro waya ta kira Mai Aski, ta ce ya kai wa manaja. Manaja ya kara wayar a bakin lasifika, ita kuma ta kara tata a bakin mijinta, tunda hannuwansa ba su da niyyar sakin sanda.

"Yi magana, Maigida. Kowa na ji."

Kuma kowa ya ji. Muryar Mai Fanka ta cika filin tun daga ƙofa har motocin karo, siririya tana rawa.

"Jama'a, wallahi tallahi yau na fara ganin lilon nan. Ko fentinsa ban taɓa shafawa ba. Ko hanyar wurin ban sani ba, ku tambayi direba. Ku yi wa Allah ku sauke ni, ƙafafuna sun tafi sun bar ni."

Sai wata 'yar murya ta biyo ta lasifikar, tas da ita.

"Baba, kuka kake?"

"Iska ce, Auta. Iska ce ta shiga idona."

Can daga akwatin gaba Tela ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Ƙarya yake yi! Jama'a, mun tsira, ƙarya yake yi!"

Ba a taɓa murnar ƙaryar mutum irin ta ranar ba. Aka kaure da tafi da shewa. Kiɗa ya dawo, lilo ya motsa. Da akwatinsu ya iso ƙasa, sai da mai kula da lilon da Mai Aski suka ɓamɓare yatsunsa daga sanda ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da bai sani ba suka yi ta miƙa masa hannu suna cewa, "Mun gode da ba ka taɓa ba, Malam."

Duk wannan bai dame shi ba kamar Lauya. Ta tsaya gefe, ta harɗe hannu, ta turo baki.

"Baba, duk 'yan ajinmu na gaya wa."

Yana nan tsuru-tsuru Auta ta ja masa wando, tana nuna wani ɗan lilon jarirai: agwagin roba masu fenti, suna zagaye a hankali a kan wani faffaɗan faranti na ƙarfe, ko gwiwar mutum ba su kai ba.

"Agwagwa! Baba, agwagwa!"

Ransa ya ɗan dawo. Wannan kam a ƙasa take.

"Kun ga wannan?" ya ce, murya ta fara kumbura. "Wannan ko ido rufe."

Mai kula da agwagin ta ce babba a gefe yake tsayawa ya riƙe yaro. Ya ce ita ba ta san shi ba ne. Ya ɗaga ƙafa ya faɗa cikin wata farar agwagwa, ya ɗora Auta a cinya. Agwagwar ta yi wani ɗan nishi. Suka zagaya, Auta na ƙyalƙyala dariya, shi yana ɗaga wa jama'a hannu kamar mai buɗe taro.

Faranti ya tsaya. Aka ɗauke Auta. Mai Fanka ya yunƙura. Ya sake yunƙurawa. Agwagwa ta ce ba inda za shi.

Mai Aski ya kama hannu ɗaya, Tela ya kama ɗaya. Suka ja, agwagwar ta biyo shi. Aka kawo ruwan sabulu aka tsiyaya ta gefe, ya jiƙe sharkaf bai motsa ba. Ga layin jarirai na jira, sun fara kuka. Mai kula ta ce ita dai ba za ta tsai da aiki don mutum ɗaya ba, kafin a kira masu gyara sai dai ya yi haƙuri. Ta zuba yara a sauran agwagin ta kunna.

Haka Mai Fanka ya yi ta zagaye, kumfa har ƙirji, jarirai gaba da baya, ɗan kiɗa na tashi ƙiling-ƙiling. Duk zagayowa sai ya tarar taron ya ƙaru. A wani zagayen ya hangi Lauya ta toshe baki da hannu. A na gaba kafaɗunta na rawa. A na bayansa ta zube a jikin uwarta tana dariya har da shessheƙa. Da ya ga haka, sai ya ɗaga gwiwar hannu biyu ya kaɗa su kamar fukafukai.

"Kwak," in ji Mai Fanka.

Filin ya fashe. Inna ta zauna a ƙasa daɓas. Kuma dariyar da shi kansa ya kama ce ta motsa tumbin, sabulu ya yi aikinsa, ya fito fit kamar ƙwallon mangwaro, ya zame a kan faranti ya tsaya a gaban takalmin manaja.

A hanyar gida bas ta yi shiru, sai ƙamshin sabulu. Mai Fanka na zaune a kan leda don kada ya jiƙa kujera. Matarsa ta waiga baya ta tambayi yara abin da ya fi musu daɗi.

"Baba a madubi," in ji Ƙwallo.

"Baba a lasifika," in ji ɗan Tela.

"Baba agwagwa," in ji Auta, ido na lumshewa.

Lauya ta matso ta jingina kai a kafaɗarsa mai danshi. "Gobe wannan zan ba su a aji. Ya fi wancan daɗi."

Mai Fanka ya yi gyaran murya. Ya gyara zama a kan ledarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To kun ji da kunnenku. Filin nan kaf, da injinansu da fitilunsu, akwai abin da ya tara mutane kamata? Manajan nan fa har riƙe hannuna ya yi. Aiki yake so ya ba ni, na ce sai na yi shawara."

"Ɗan nan," in ji Inna daga kujerar baya, ba ta ko buɗe ido ba, "cewa ya yi kada ka dawo. Ni ya ce in dawo."